Yadda Ake Canja Matacin Mai da na Iska a Tsofaffin Motocin Gona Masu Amfani da Man Gas

Gabatarwa

A garin Bauchi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, yawancin motocin da ke ɗauke da nauyin aikin gona tsofaffi ne, kuma da man dizal suke aiki, wanda aka fi sani da man gas. Akwai ragowar taraktocin Steyr, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi tun daga ƙarshen shekarun 1970 bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya. Akwai taraktocin Massey Ferguson, sannan akwai motocin a-kori-kura irin su Toyota Hilux, waɗanda ke kai taki gona, su kwaso amfani zuwa kasuwar Muda Lawal, su kuma kai malaman gona ƙauyukan Dass da Toro da Alkaleri.

Injin gas yana da juriya, amma abu uku ne ke gajarta masa kwana: ƙura da ruwa da dattin mai. Abin da ke tsare shi daga waɗannan shi ne mataci, wanda makanikai ke kira filta. Kuɗin mataci kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin gyaran injekta ko sauke inji. Babbar asarar ma ba ta kuɗin gyara ba ce. Ruwan shuka yakan zauna a yankin Bauchi daga ƙarshen watan Mayu zuwa watan Yuni, kuma taraktar da ta tsaya mako biyu a wannan lokaci ta jawo wa duk manoman da ke jiranta jinkirin shuka, wanda ke rage yawan amfanin masara da shinkafa. Wannan bayani zai nuna aikin kowane mataci, da lokacin canja shi, da yadda ake canjawar.

Dalilin da ya sa injin gas ba ya jure datti

Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi kamar injin fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan famfon injekta ya tunkuɗo mai da ƙarfi ta cikin nozul, man ya fita kamar feshi, ya kama da wuta. Domin a sami wannan ƙarfi, an ƙera sassan cikin injekta da nozul a matse ainun. Tazarar da ke tsakaninsu maikiron kaɗan ce. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikiron 70. Ke nan dattin da ido ba ya gani ya isa ya goge waɗannan sassa.

Man gas ɗin da kansa ne ke sa wa injekta santsi. Idan ruwa ya shiga, santsin ya ragu, tsatsa ta kama. Haka kuma man da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da injekta ke bukata.

Ta wajen iska kuwa, inji yana bukatar aƙalla lita 10,000 ta iska kafin ya ƙona lita 1 ta man gas. Injin tarakta mai silinda 4 yana zuƙar fiye da lita 3,000 ta iska a cikin minti ɗaya idan yana kan aiki. Daga watan Nuwamba zuwa watan Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a arewacin Nijeriya. Ga kuma ƙurar da garma da haro ke tayarwa a busasshiyar ƙasa, da ƙaiƙayin sussuka da casa a lokacin kaka. Idan ƙurar nan ta wuce mataci, sai ta cakuɗa da baƙin mai, ta riƙa cin ringi da bangon silinda kamar sanfefa.

Alamomin da mataci ke nunawa

1. Mota ta tashi lafiya, amma ƙarfinta ya ragu idan ta ɗauki kaya, ko ta fara hawa tudu, ko garma ta shiga ƙasa. Sau da yawa wannan alama ce ta toshewar matacin mai.
2. Inji yana shaƙewa, yana mutuwa, ya sake tashi bayan ya ɗan huta. Datti ne ke taruwa a jikin mataci, ya saki idan an kashe inji.
3. Baƙin hayaƙi da yawan shan mai. A fara duba matacin iska, domin inji bai sami isasshiyar iska ba.
4. Farin hayaƙi da karkarwa. Mai yiwuwa ruwa ne ko iska a cikin hanyar mai.
5. Shuɗin hayaƙi da ƙarewar baƙin mai da wuri. Wannan yakan nuna ringi sun riga sun cinye, canjin mataci kaɗai ba zai warkar da shi ba.
6. Wutar gargaɗin ruwa ta kama a gaban direba. A tsaya a tsiyaye ruwan a ranar.

Kada a jira waɗannan alamomi. Lokacin da suka bayyana, ɓarna ta riga ta soma.

Lokacin canjawa

Littafin da ya zo da mota shi ne alƙali. Inda babu littafin, ana iya bin wannan ma'auni:

Matacin man tarakta: bayan awa 400 zuwa 500 na aiki, ko sau ɗaya a shekara. Taraktar da ke aikin awa 8 a rana tana cika awa 480 a cikin kwana 60, wato kusan tsawon lokacin huɗa na damina ɗaya.

Matacin man a-kori-kura: bayan kilomita 20,000, ko ƙasa da haka idan ana yawan shan man jarka.

Matacin iskar inji: a duba kowace safiya a lokacin ƙura, a canja aƙalla sau ɗaya a shekara.

Matacin iskar cikin mota: bayan kilomita 10,000 zuwa 15,000, ko a ƙarshen kowane hunturu.

Lokacin da ya fi dacewa a yankin Bauchi shi ne watan Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta lafa, kafin ruwa ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Agogon awa na tsofaffin taraktoci da yawa ya daina aiki, don haka ya kamata direba ya riƙa rubuta awoyin aikinsa a littafi kullum.

Kayan aiki

A tanadi sabon mataci tare da robobinsa, da sifanu, da sukundireba, da sarƙa ko bel na kwance filta, da kwano na tare mai, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da man gas mai kyau kamar lita 2 na wanki. A yi aikin a inuwa, a wurin da iska ba ta kaɗawa, a kan daɓe ko shimfiɗaɗɗen buhu. A ja birkin hannu, a sa wa taya waigi, a sauke garma ƙasa, a bar inji ya huce. Kada a sha taba ko a kunna wuta a kusa.

Canja matacin mai a tarakta

Yawancin tsofaffin taraktoci suna da mataci mai sassa uku: kai a sama, gwangwanin mataci a tsakiya, da kofin gilashi ko na ƙarfe a ƙasa, doguwar noti guda ta haɗe su. Wasu suna da irin wannan guda biyu a jere.

1. A rufe famfon da ke ƙarƙashin tanki.
2. A wanke bayan mataci da kewayensa da man gas, a goge. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali da zarar an buɗe mataci, ƙurar da ke kansa ce za ta fara faɗawa ciki.
3. A ajiye kwano, a kwance notin tsiyaya da ke gindin kofi, mai da ruwa su zube. A dubi abin da ya fito. Ruwa ya fi gas nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Idan ruwan da laka sun yi yawa, tankin ma yana bukatar wanki.
4. A riƙe kofi da hannu ɗaya, a kwance doguwar notin sama, a sauke kofi da tsohon mataci.
5. A cire tsofaffin robobi duka, har da wadda ke maƙale a cikin kai. A lura da mazaunin kowace, domin ta sama da ta ƙasa ba girmansu ɗaya ba. Roba biyu a gurbi ɗaya, ko roba a gurbin da ba nata ba, tana sa yoyo ko ta toshe hanyar mai.
6. A wanke kofi da man gas mai kyau.
7. A shafa wa sababbin robobi ɗan mai, a zaunar da su, a ɗora sabon mataci, a mayar da kofi. A ɗaure noti daidai wa daida, domin ɗauri mai tsanani yana fasa gilashi.
8. Idan famfon hannu, wato ƙaramin famfon da ke jikin inji mai jawo mai daga tanki, yana da rariyar waya, a cire ta a wanke.
9. A buɗe famfon tanki.

Fitar da iska daga hanyar mai

Injin gas ba ya tashi idan akwai iska a cikin bututun mai. Fitar da ita shi ne abin da makanikai ke kira bilidin.

1. A sassauta notin fitar da iska da ke kan mataci. A riƙa danna marikin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. Idan mariƙin ya yi sakwaf, ba ya turo mai, a ɗan juya inji kaɗan a sake gwadawa.
2. A yi haka a notocin fitar da iska da ke jikin injekta, a fara da na ƙasa.
3. A buɗe totur, a tayar da inji. Idan ya ƙi, a sassauta notin bututu a bakin nozul guda biyu, a yi kik har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure, a sake tayarwa.
4. Kada kik ya wuce daƙiƙa 15 a lokaci ɗaya. A huta minti ɗaya ko biyu, don kada batir ya mutu ko kik ya ƙone.
5. Idan inji ya tashi, a bar shi minti 5, a goge ko'ina, a duba yoyo.

Gargaɗi: man da ke fita daga bututun nozul yana da ƙarfin huda fata. Kada a sa hannu a laluba yoyo inji yana aiki. Wanda man ya huda, a kai shi asibiti nan take ko da raunin ƙarami ne.

Canja matacin mai a a-kori-kura

A tsofaffin Hilux da makamantansu, matacin gwangwani ne da ake murɗawa a ƙarƙashin kai. A saman kan akwai maɓallin da ake dannawa don jawo mai, a gindin gwangwanin kuma akwai na'urar gane ruwa mai waya.

A cire wayar, a tsiyaye mai, a kwance gwangwani da bel. A cire na'urar gane ruwa daga tsohon, a mayar da ita jikin sabon tare da sabuwar roba. A shafa mai a robar sama, a murɗa gwangwani da hannu har robar ta taɓa kai, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. A mayar da waya, a riƙa danna maɓalli har ya yi tauri, sannan a tayar.

Wasu suna cika sabon mataci da mai daga jarka don a rage dannawa. Wannan kuskure ne, domin man da aka zuba ta ramin tsakiya ya tsallake tacewa, kai tsaye injekta zai nufa.

Motocin Hilux da aka fara fitarwa daga 2005, da yawansu suna da injin da kwamfuta ke sarrafa feshin mansa. Ƙarfin mai a irin wannan inji ya ninka na tsofaffi sau da yawa, kuma ya fi su ƙin datti. Ba a sassauta bututun nozul ɗinsa ko kaɗan. Idan ya ƙi tashi bayan an danna maɓalli, a kira makaniken da ya san shi.

Matacin iskar inji

Iri biyu ne. Na farko mai kwanon baƙin mai, wanda aka fi samu a tsofaffin taraktoci. Iska tana bugun man, ƙura ta maƙale. A kashe inji, a sauke kwano, a zubar da tsohon mai, a kankare lakar da ta kwanta, a wanke, a zuba sabon baƙin mai zuwa kan layin da aka zana. Idan ya wuce layi inji zai zuƙe shi, idan bai kai ba ƙura za ta wuce. A wanke rariyar waya da man gas ko kananzir, a bari ta tsane sarai. Kada a wanke ta da fetur. A lokacin ƙura a duba kwanon kullum, kuma a zazzage kofin tara ƙura da ke saman bututun iska.

Na biyu na takarda ne. A buɗe murfi, a zaro shi a hankali, a goge cikin gidansa da ɗanyen tsumma. Ana iya hura masa iska mara ƙarfi daga ciki zuwa waje. Kada a buga shi a jikin taya ko dutse, kada a wanke shi da mai. A sa tocila a cikinsa a wuri mai duhu: idan haske ya ɓullo ta wani rami, komai ƙanƙantarsa, matacin ya gama aiki. Wasu taraktoci suna da ƙaramin mataci na biyu a cikin babban. Wannan ba a hura shi, canja shi ake yi. A ƙarshe a duba tiyon da ya tashi daga mataci zuwa inji. Tiyo mai tsaga yana shigar da ƙura ko da matacin sabo ne.

Matacin iskar cikin mota

Wannan shi ne wanda masu gyaran na'urar sanyaya mota ke kira filtar AC. Ba inji yake tsarewa ba, huhun direba yake tsarewa. Direban da ke wuni a hanyar ƙasa a cikin hunturu yana shaƙar ƙurar da ke tayar da tari da asma. Alamar toshewarsa ita ce fanka tana ƙara amma iska ba ta fitowa sosai, ko wari yana tashi idan an kunna ta.

Motocin shekarun 1980 da 1990 da yawa ba su zo da shi ba. A irinsu sai a riƙa share ganye da ƙaiƙayi daga ramukan iska da ke gindin gilashin gaba. A motocin da ke da shi, yawanci yana bayan akwatin ajiyar takardu da ke gaban fasinja. A kwashe kayan akwatin, a matse gefunansa ya sauko, a buɗe murfin da ke bayansa, a zaro mataci a kwance don kada datti ya zube kan fanka. Kafin a cire, a lura da inda kibiyar jikinsa ta fuskanta, a sa sabon haka nan. Aikin bai wuce minti 10 ba.

A taraktoci masu rufaffen ɗakin direba, matacin yakan kasance a jikin rufi. Ya kamata malaman gona su jaddada cewa matacin takarda ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururin maganin ciyawa ko na ƙwari. Mai feshi da tarakta yana bukatar mataci mai gawayi wanda aka yi don feshi, tare da kayan kariyar da aka rubuta a jikin maganin.

Sayen mataci

A tafi kasuwa da lambar da ke jikin tsohon mataci, domin matatai biyu suna iya yin kama a ido alhali tacewarsu ta bambanta. Jabu suna da yawa. Mataci na ƙwarai yana da nauyi, takardarsa a jere take, robarsa tana da laushi, kuma yana zuwa a rufe cikin leda. Wanda aka samu a buɗe, ko yake warin sabon fenti, a bar shi. Araha ba ta ado. Matacin mai na takarda ba ya wankuwa. Wanda aka wanke aka mayar, dattin da ke wajensa ya koma cikinsa.

Tsabtar mai

Mataci yana daɗewa ne gwargwadon tsabtar man da ake zuba masa. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, sayen man jarka a hannun 'yan bumburutu ya zama jarraba ga mai neman sauƙi, amma ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. A bi waɗannan ƙa'idoji:

1. A sayi mai a gidan mai da aka amince da shi.
2. Duron da aka kawo gona a bar shi ya kwana aƙalla awa 24 kafin a ɗiba. A ajiye shi a inuwa, a ɗan karkace, kada a zuƙo daga can ƙasa.
3. Kada a ajiye gas a duro ko bokiti mai rufin tutiya, irin farin ƙarfen kwanon rufi, domin man yana narkar da tutiyar ta toshe nozul.
4. A zuba mai ta mazurari mai rariya. Jarkar mai ta zama ta mai kaɗai.
5. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki. Tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a cikinsa idan dare ya yi sanyi.
6. A dubi kofin gilashi kowace safiya, a tsiyaye ruwa kafin a tayar da inji, musamman a watannin Yuli da Agusta.

Tsohon mataci kuma a tsiyaye shi, a huda shi don kada a sake sayar da shi, a kawar da shi nesa da yara. Kada a zubar da tsohon mai kusa da rijiya ko rafi ko fadama.

Kammalawa

Ana shawartar malaman gona su sa wannan aiki cikin jadawalin shirin damina, tare da tanadin iri da taki. Ƙungiyar manoma da ke da tarakta ta ware kuɗin matatai daga kuɗin hayar da ta karɓa, ta sayi biyu-biyu a watan Afrilu, ɗaya a ɗaura, ɗaya ya zauna a akwatin direba tare da sifana. Manomin da ke hayar tarakta shi ma yana da haƙƙin tambayar mai ita ko an yi mata sabis kafin ya ba da kuɗin kafin alƙalami. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi mafi kusa da shi.